Rumbun mai a cikin jiki: yadda kalanus ke ƙetare hunturun Tekun Arktik

Taƙaitawa

Wannan takarda tana bayani a kan wasu ƙananan halittun teku, dangin jatan lande, waɗanda ke rayuwa a ƙarshen arewacin duniya. Abincinsu yana samuwa ne cikin ƴan makonni kaɗan a shekara. Za mu nuna yadda suke mayar da shi wani irin mai na musamman, da ayyuka uku da wannan mai ke yi musu, da kuma dalilin da ya sa narkewar ƙanƙarar teku ke iya dagula tsarin gaba ɗaya.

0. Gabatarwa

A tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, a garin Longyearbyen, rana tana faɗuwa a ƙarshen watan Oktoba, ba ta sake fitowa sai tsakiyar Fabrairu. Daga wajen 20 ga Afrilu kuma har bayan tsakiyar Agusta ba ta faɗuwa ko kaɗan. Ruwan teku yana daskarewa idan sanyi ya kai kimanin digiri 1,8 ƙasa da sifiri, ƙanƙara ta rufe shi, dusar ƙanƙara ta hau kanta. Inda babu haske, tsiro ba ya girma, kuma inda tsiro bai girma ba, mai cin tsiro ba shi da abinci.

Duk da haka wannan teku yana ciyar da kifaye masu ɗimbin yawa, da miliyoyin tsuntsaye, da dabbobin ruwa mafi girma. Tambayar da za mu yi ƙoƙarin amsawa ita ce: ta wace hanya ce abincin watanni biyu ko uku ke isar shekara guda? Babban ɓangaren amsar yana cikin jikin wata halitta da ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, wadda masana ke kira Calanus. A nan za mu rubuta sunan da kalanus.

Tun da fari ya kamata mu daidaita kalmomin lokaci. Damina da kaka da rani da bazara sun dogara ne ga ruwan sama da zafi, alhali kuwa shekarar Arktik haske ne ke raba ta. Saboda haka za mu riƙa cewa lokacin haske da lokacin duhu, mu ambaci watanni inda ya kamata. Idan muka ce hunturu, dogon lokacin duhu da sanyi muke nufi.

1. Halittar kanta

1.1. Kalanus yana cikin rukunin da ake kira kofefod, suna mai asali daga Girkanci wanda ke nufin masu ƙafafu kamar filafili. Rukunin kuwa yana cikin babban gidan masu ɓawo a jiki, wato gidan ƙaguwa da jatan lande. Jikin kalanus garai yake kamar gilashi, yana da ƙahonni biyu sirara dogaye a gaba, da ƙananan gaɓoɓi a kusa da baki waɗanda yake kaɗa ruwa da su ya tace abinci.

1.2. Iri uku ne suka fi muhimmanci a wannan yanki. Na farko, Calanus finmarchicus, tsawonsa milimita 2 zuwa 4, ɗan Tekun Atlantika ta arewa ne, amma igiyar ruwa tana kai shi har cikin Arktik. Johan Ernst Gunnerus, bishop na birnin Trondheim, shi ya fara bayyana shi a 1770. Yakan cika rayuwarsa cikin shekara guda. Na biyu, Calanus glacialis, ya ɗan fi shi girma, yana zaune a tekunan gaɓa marasa zurfi sosai waɗanda ƙanƙara ke rufewa wani ɓangare na shekara. Masanin Rasha Jaschnov ne ya ware shi a matsayin iri na dabam a 1955, kuma yakan yi shekara ɗaya zuwa uku. Na uku, Calanus hyperboreus, wanda Henrik Krøyer na Danmak ya bayyana a 1838, shi ne babbansu, yana kai milimita 7 ko fiye. Mazauninsa wurare masu zurfi ne kamar Tekun Girinlan da tsakiyar Arktik, kuma rayuwarsa tana iya ɗaukar shekara biyu zuwa biyar.

An daɗe ana bambanta na farko da na biyu ta hanyar auna tsawo. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2017 da 2018 ya nuna cewa wannan ma'auni yana ruɗi a wurare da dama, domin girman irin biyu yakan yi kusa, har an gano glacialis a lungunan tekun Norwe inda a da ake ɗaukarsa finmarchicus.

1.3. Daga ƙwai zuwa balaga, kalanus yana yin saɓa sau da yawa. Yana bin matakai shida na ƴar tsutsa, waɗanda ake kira nofliyus, sannan matakai biyar na samartaka, waɗanda ake kira kofefodit, sannan ya balaga. A matakai biyu na farko ba ya cin komi, abin da uwa ta zuba a ƙwai shi ke riƙe da shi. Tara mai kuwa yana ƙarfi ne a matakan samartaka na ƙarshe. Littafin da Sheina Marshall da Andrew Orr suka wallafa a 1955, bayan shekaru na aiki a tashar Millport ta Sikotilan, shi ne ya aza harsashin sanin wannan tsari.

2. Abinci da lokacinsa

Abincin kalanus ƙananan tsirrai ne masu ƙwayar rai guda, waɗanda ido ba ya gani sai sun taru. Za mu kira su gansakukar teku. A inda ƙanƙara ke rufe ruwa, gansakukar tana bunƙasa sau biyu. Bunƙasa ta farko tana faruwa a ƙasan ƙanƙarar kanta: da zarar haske ya dawo a Maris ko Afrilu, ya fara ratsa ƙanƙara, sai wata gansakuka mai launin ƙasa ta manne a ƙarƙashinta ta yi ta yaɗuwa. Wannan ita ce gansakukar ƙanƙara. Bunƙasa ta biyu tana zuwa bayan ƙanƙara ta farfashe, haske ya shiga ruwa sosai. Wannan ta fi yawa, amma ba ta daɗewa, domin cikin ƴan makonni tsirran sukan cinye gishirin da ke saman ruwa, irin su nitirat da silikat, sai bunƙasar ta lafa.

Ke nan kalanus yana cikin halin manomin da girbinsa sau ɗaya ne a shekara. Bambancin shi ne ba shi da inda zai kafa rumbu sai cikin jikinsa.

3. Wane irin mai ne?

3.1. Idan aka ɗora kalanus na matakin samartaka na biyar a ƙarƙashin madubin ƙara girma a ƙarshen lokacin haske, za a ga wata jaka doguwa kwance a tsawon jikinsa, kusa da hanji, cike da mai. A wanda ya ƙoshi, jakar tana iya cike mafi yawan cikinsa. Idan aka busar da shi aka auna, mai yakan zama kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na nauyinsa. Man yana da ja-ja saboda wani sinadarin launi mai suna astazantin da dabbar ke samu ta hanyar abinci. Wannan ne ya sa masuntan Norwe ke kiransa raudåte, wato jan abinci. A 2019 ma an nuna cewa taurarin ɗan'adam suna iya hango jan da taronsa ke sa wa ruwa a gaɓar Norwe.

3.2. Dalilin zaɓen mai a fili yake. Giram ɗaya na mai yana ba da ƙarfi kimanin kilokalori 9, alhali giram ɗaya na sitaci ko furotin bai wuce 4 ba. Bugu da ƙari, sitacin da dabbobi ke ajiyewa yana riƙe ruwa mai yawa, mai kuwa ba ya riƙewa. Ga halitta mai milimita uku, wuri shi ne abu mafi tsada.

3.3. Hausa ta bambanta kitse da mai da kaki, kuma wannan bambanci zai taimake mu a nan. Kitsen rago, da tozon raƙumi, da man gyaɗa, duk tsarinsu na sinadari ɗaya ne: ƙwayar giliserol guda ɗaure da sarƙoƙi uku na asid ɗin mai. Wannan shi ake kira tirigiliserid, kuma shi ne ajiyar mafi yawan dabbobin tudu. Abin da ke cikin jakar kalanus dabam yake. Kowace ƙwaya tasa sarƙa biyu ce kawai: asid ɗin mai guda ɗaure da alkol mai doguwar sarƙa guda. Irin wannan ɗauri shi ne ginshiƙin kakin zuma. Sai dai na kalanus ruwa-ruwa ne a saman teku, ba daskararre ba. Don haka muka ga ya dace mu kira shi man-kaki: mai a kama, kaki a tsari. A nau'o'in nan uku, man-kaki yakan kai kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na dukan man jiki lokacin da za su shiga hunturu. Tirigiliserid ɗan kaɗan ne, na kashewar yau da gobe.

Richard Lee da Judd Nevenzel da Gustav Paffenhöfer, masu aiki a cibiyar Scripps ta Kaliforniya, suna cikin waɗanda suka fara nuna wannan a 1970. John Sargent a Sikotilan, da Stig Falk-Petersen a Tromsø, da Gerhard Kattner da Wilhelm Hagen a Jamus suka faɗaɗa binciken a shekarun da suka biyo baya.

3.4. Rabi biyun man-kaki ba tushensu ɗaya ba. Yawancin asid ɗin daga abinci yake zuwa kai tsaye, kusan ba tare da canji ba, har da irin da ake kira omega-3. Wannan ya sa mai bincike na iya duba man kalanus ya gane irin gansakukar da ya ci, domin kowane rukunin gansakuka yana da nasa asid da ya fi yawa. Alkol ɗin kuwa dabbar ce ke ƙera shi da kanta, daga sukari da furotin ɗin da ta ci, kuma sarƙoƙinsa dogaye ne masu ƙwayar karbon 20 ko 22. Tsawon sarƙa yana ƙara ƙarfin da ke cikin kowane giram. Bayanin da Sargent ya gabatar shi ne cewa wannan hanya tana ba dabbar damar ci gaba da ƙera mai da sauri ba tare da tsayawa ba, ko da jikinta ya riga ya cika da asid. Wanda kasuwarsa ke ci na ƴan makonni kawai, dole ne ya iya saye da yawa a lokaci guda.

4. Sauka da likimo

4.1. Da jakar ta cika, tsakanin Yuli da Satumba gwargwadon wuri, sai kalanus ya bar cin abinci ya nutse. Finmarchicus yana sauka mita 500 zuwa 1500 a Tekun Norwe. Hyperboreus yana iya wuce mita 2000 a Tekun Girinlan. Glacialis, da yake ruwan mazauninsa ba shi da zurfi, yakan tsaya kusa da ƙasan teku, a mita 200 ko 300. Don mu gane girman tafiyar: mita 1000 ga halitta mai milimita 3 daidai yake da tsawon jikinta sau fiye da dubu 300. Da mutum ne, tafiyar kilomita fiye da 500 ke nan.

4.2. A can ƙasa dabbar tana shiga wani hali da masana ke kira diyafoz. Kalmar barci ba ta cika ma'anar ba, domin mai barci yakan farka kullum ya ci abinci. Mun zaɓi likimo. Mai likimo yana raye, amma ya daina motsi, hanjinsa ya zama wofi, sinadaran narkar da abinci sun ragu ƙwarai, numfashi ya yi ƙasa nesa da yadda yake a sama, girma kuma ya tsaya cik a mataki guda. Wannan hali yana iya kai wata shida zuwa tara. Mai karatu zai tuna da gaiwa, wadda ke shiga laka idan tabki ya ƙafe, ta rage numfashi har ruwa ya dawo. Gaiwa ruwa take jira, kalanus haske yake jira.

4.3. Zurfin yana da amfani biyu. Na ɗaya, sanyi: a ƙasan Tekun Norwe ruwa yana kusa da sifiri ko ƙasa da shi kaɗan, kuma jiki mai sanyi a hankali yake ƙone ajiyarsa. Na biyu, duhu: kifaye da tsuntsaye da yawa da ido suke farauta, kuma halitta ja mai cike da mai ba ta da wuyar gani a saman ruwa.

4.4. Game da abin da ke sa dabbar ta sauka, ra'ayin da ya fi karɓuwa tun shekarun 2000 shi ne cewa yawan man da ta tara ne ke yanke hukunci: wadda ta cika ma'auni sai ta nutse, wadda ba ta cika ba sai ta zauna a sama, ko ta balaga ta hayayyafa a shekarar. Haka kuma binciken da Jørgen Berge da abokan aikinsa suka yi a Svalbard cikin tsakiyar duhu, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna cewa teku ba ya mutuwa ɗungurungum a Janairu: akwai halittu masu kai da kawo da cin abinci, har da wasu kalanus da suka riga suka fara hawowa.

5. Mai a matsayin ma'aunin nauyi

A nan wata matsala take tasowa. Kowa ya san mai yana tasowa kan ruwa. Lita guda ta ruwan teku tana da nauyin kimanin giram 1025, lita guda ta man-kaki kuwa wajen giram 900. To yaya halittar da rabin jikinta mai ne za ta zauna a zurfin mita 1000 wata da watanni ba tare da iyo ba? In da za ta yi ta iyo don kada ta taso, da ajiyar ta ƙare kafin hunturu ya raba.

Amsar tana cikin yadda man-kaki ke amsa matsi da sanyi. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi daidai da na iskar da ke kanmu, wato a mita 1000 matsin ya ninka kusan sau 100. Man-kaki yana matsuwa fiye da ruwan teku, kuma yana tsukewa da sanyi fiye da shi. Saboda haka, gwargwadon saukar dabbar, gwargwadon ƙanƙancewar jakarta, sai ƙarfin da ke tura ta sama ya ragu. Sauran jikin, wato ɓawo da tsoka, ya fi ruwa nauyi. Akwai zurfin da abubuwan biyu ke daidaita, inda dabbar ba ta nutsewa ba ta tasowa. André Visser da Sigrún Jónasdóttir na Danmak ne suka lissafta wannan ga finmarchicus a 1999.

Wasu masana sun lura cewa irin wannan daidaito ba shi da ƙarko, domin ɗan motsi sama ko ƙasa yana iya ƙaruwa da kansa. A 2011 David Pond da Geraint Tarling na Ingila suka kawo ƙarin haske daga wani ɗan'uwan kalanus na Tekun Antaktika, Calanoides acutus. Sun nuna cewa idan man-kaki yana ɗauke da omega-3 da makamantansa da yawa, yakan daskare a matsi da sanyin da ake samu ƙasa da mita 500, kuma daskararren ya fi na ruwa-ruwa nauyi. Wato mai yana komawa kaki na sosai a can ƙasa, ya zama kamar dutsen da ke riƙe da koma. Wannan ya nuna cewa ingancin abincin da aka ci a sama yana da hannu a zurfin da za a zauna a ƙasa.

6. Mai da haihuwa

Kalanus ba ya ƙone dukan ajiyarsa a likimo. Wani kaso mai yawa yana tafiya ne a ƙarshensa, wajen saɓar ƙarshe, da gina gaɓoɓin haihuwa, da hawowa sama. A nan ne nau'o'in uku suka rabu, kuma rabuwar tana bin girman rumbun kowannensu.

Finmarchicus, mai ƙaramin rumbu, macensa tana hawowa ta jira bunƙasar gansakuka, domin yawancin ƙwanta daga sabon abinci take yin su. Wannan dabara tana aiki a ruwan da bunƙasar ke zuwa da wuri kuma a kan lokaci.

Hyperboreus, mai babban rumbu, macensa tana yin ƙwai a can cikin zurfi, a tsakiyar duhu, tsakanin Nuwamba da Maris, ba tare da ta ci komi ba. Ƙwan suna da mai, saboda haka da kansu suke tasowa a hankali, ƴaƴan su riga bunƙasar isa sama su jira ta. Idan shekara ta yi kyau su yi girma, idan ba ta yi ba su sake yin likimo a matakin da suke. Abin da ya sa rayuwarsa ke kai shekara huɗu ko biyar ke nan a wuraren da ƙanƙara ta fi yawa.

Glacialis yana tsakani. Janne Søreide da abokan aikinta sun bi shi a lungun tekun Rijpfjorden, arewacin Svalbard, a 2007, suka wallafa sakamakon a 2010. Sun ga mata suna hawowa suna cin gansakukar ƙanƙara a ƙarshen Afrilu, suna yin ƙwai da ƙarfinta. Bunƙasa ta biyu ta zo ne bayan kimanin wata biyu, a farkon Yuli, daidai lokacin da ƴaƴan suka kai matakin da suke bukatar abinci mai yawa. Ke nan uwa ta ci girbin farko, ƴaƴa suka ci na biyu, kuma tazarar da ke tsakani ta yi daidai da tsawon lokacin girmansu.

7. Masu ci daga rumbun

7.1. Gansakukar teku ƙanana ce ƙwarai, a warwatse take, kuma ba ta daɗewa. Kalanus ne ke tattara ta ya dunƙule ta ta zama loma mai maiƙo da ake samu kusan duk shekara. Kifin haran da kifin kaflan da ɗan kifin nan na ƙarƙashin ƙanƙara, Boreogadus saida, duk da shi suke ƙiba, su kuma manyan kifaye da tsuntsaye da dabbobin ruwa masu shayarwa su ci su. Ɗan tsuntsun nan Alle alle, mai sheƙa a duwatsun Svalbard da Girinlan, yana cika jakar maƙogwaronsa da kalanus ya kai wa ɗan tsakonsa. Balen ɗin Girinlan, Balaena mysticetus, dabbar da ke iya wuce shekara 200, tana tace su daga ruwa da bakinta. Waɗannan masu ci suna narkar da man-kaki su mayar da shi tirigiliserid, amma dogayen sarƙoƙin nan masu karbon 20 da 22 suna nan a kitsensu, shaidar inda ƙarfin ya fito.

Girman loma yana da muhimmanci. Bisa ƙiyasin da aka saba ambatawa, glacialis guda yana ɗauke da mai kimanin ninki 10 na finmarchicus, hyperboreus kuma kimanin ninki 25. Tsuntsun da ke kama su ɗaya bayan ɗaya a cikin ruwa ba zai ɗauki wannan bambanci da wasa ba.

7.2. Akwai kuma wani aiki da ya shafi duniya baki ɗaya. Karbon ɗin da ke cikin man-kaki daga iska ya fito, gansakuka ce ta kama shi. Idan kalanus ya sauka da shi ya ƙone shi a zurfin mita 1000, iskar karbon ɗin da ya fitar tana zama a ruwan ƙasa, wanda ba ya saurin haɗuwa da iskar sama. Jónasdóttir da Visser da Katherine Richardson da Michael Heath sun ƙiyasta a 2015 cewa finmarchicus shi kaɗai yana saukar da giram 1 zuwa 4 na karbon a kowace murabba'in mita a shekara a wuraren likimonsa na Atlantika ta arewa, adadin da ya yi kusa da na dukan tarkacen da ke nutsewa da kansa zuwa wannan zurfi. Sun kira wannan famfon mai. Da yake man-kaki ba ya ɗauke da azot ko fosfor, karbon ne ke sauka, takin da tsirrai ke bukata kuwa yana zama a sama.

8. Abin da ke canzawa

Binciken Mika Rantanen da abokan aikinsa na Finlan, a 2022, ya nuna cewa tsakanin 1979 da 2021 yankin Arktik ya ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya. Faɗin ƙanƙarar teku a watan Satumba, wanda ke kusa da murabba'in kilomita miliyan 7 a farkon shekarun 1980, ya sauka zuwa kimanin miliyan 3,4 a 2012. Wannan yana taɓa tsarin da muka bayyana ta fuska uku.

Ta farko, lokaci. Fitowar rana ba ta canza ba, saboda haka bunƙasar gansakukar ƙanƙara ba za ta iya matsowa da wuri sosai ba. Amma idan ƙanƙara ta farfashe da wuri, bunƙasa ta biyu tana matsowa, tazarar wata biyun nan ta ragu, ƴaƴan glacialis su iso bayan an watse. Wannan shi ne haɗarin da Søreide da abokanta suka nuna.

Ta biyu, kashewa. Ruwa mai ɗumi yana hanzarta ƙonewar ajiya. Rumbun da ke isar wata takwas a sanyi zai ƙare kafin haka idan ruwan wurin likimo ya ɗumama, dabbar ta hawo babu abinci tukuna.

Ta uku, mazauni. Na'urar tattara ƙananan halittun teku da Alister Hardy ya fara sa jiragen ruwa su ja tun 1931 ta ba da dogon tarihi. Da shi ne Grégory Beaugrand da abokansa suka nuna a 2002 cewa kofefod masu son ɗumi sun matsa arewa da fiye da digiri 10 na taswira a gabashin Atlantika cikin kimanin shekara 40, masu son sanyi suka ja baya. A Tekun Barents, ruwan Atlantika yana ƙara shiga, yana kawo finmarchicus inda glacialis ya fi yawa a da. Wasu masana, irin su Paul Renaud da abokansa a 2018, suna ganin jimillar man da ake samarwa ba lalle ta ragu ba, tun da ƙananan suna hayayyafa da sauri. Ko da haka ne, lomar ta ƙanƙance, kuma ba kowane mai ci ne zai iya rayuwa da ƙaramar loma ba.

Ɗan'adam ma ya shiga cikin masu ci. A 2019 Norwe ta buɗe kamun finmarchicus don kasuwanci, ta ƙayyade tan 254 000 a shekara, ana matse mansa a sayar saboda omega-3. Abin da aka kama a shekarun farko bai kai kashi 1 cikin 100 na wannan adadi ba.

9. Kammalawa

Mun ga cewa man-kakin kalanus yana yin aiki uku a lokaci guda: shi ne guzurin likimo, shi ne ma'aunin da ke tsayar da dabbar a zurfi ba tare da wahala ba, shi ne kuma jarin haihuwa. Ta hanyarsa ne hasken ƴan makonni ke zama abincin shekara ga kifi da tsuntsu da balen, wani ɓangare na karbon kuma ya sauka ƙasan teku. Mun ga kuma cewa kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan ya dogara ga daidaiton lokaci da sanyi: ranar da haske ya dawo, ranar da ƙanƙara ta farfashe, da digirin ruwan da ake likimo a cikinsa. Na farko yana nan yadda yake, na biyu da na uku suna motsi. Nau'in da ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne glacialis, wanda ya gina haihuwarsa a kan tazarar da ke tsakanin girbi biyu, tare da tsuntsaye da kifayen da suka dogara gare shi.